Daren Farko a Sahu na Biyu

Shekara uku cur na yi ina dakon kashin ƙarshe na wasu jerin finafinai da na faro bi tun ina ɗalibi, amma shawarar da ta ɓata mini kallonsa cikin abin da bai kai minti biyu ba na yanke ta, ina tsaye da waya a hannu, ina duban taswirar zauren da ta riga ta cika. Kujeru huɗu ne suka rage a nunin daren Alhamis, dukkansu a sahu na biyu daga gaba, can ƙuryar hagu. Na san ba wurin zama ba ne, domin ba ranar na fara shiga sinima ba. Duk da haka na danna na biya, har da ƙarin kuɗin 3D, wato nunin da ake sa tabarau domin hoto ya fito kamar za a taɓa shi, saboda abu ɗaya ne ya cika mini zuciya a lokacin: kada gari ya waye ranar Juma'a wani ya riga ni sanin ƙarshen labarin ya fasa mini ƙwai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun ranar da aka buɗe sayar da tikiti na ga sanarwar, na kuma buɗe taswirar na tarar da tsakiyar zauren fayau, babu wanda ya taɓa ta. Mu huɗu ne muka yi alkawarin zuwa tare, sai na ga bai dace in saya ba tare da jin ta bakin kowa ba. Wannan yana son Alhamis, wancan ya fi son Asabar, na ukun kuma sai ya kwana biyu bai amsa saƙo ba. Kwana tara muka yi muna wannan jeka-ka-dawo, kujerun tsakiya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da na sanar da su abin da na samo, babbanmu ya ce in ba wani tikitinsa. Na ce masa, "Yaya, in ka jira sai an gaya maka ƙarshen kafin ka gani." Ya ce ya ji, amma shi ba zai yi shekara uku yana jira ba sannan ya kalli fim ɗin a karkace. A lokacin na ɗauka taurin kai ne kawai.

Ba zan ɓoye alherin daren farko ba. Zauren ya cika maƙil da mutanen da suka san labarin ciki da bai, babu mai hira, babu mai haska waya, kuma da tambarin kamfanin ya bayyana aka ɗauki tafi gaba ɗaya har tsigar jikina ta tashi. Wannan yanayi ba a samunsa a kowane nuni, kuma har yau ina ganin yana da daraja. Sai dai tun kafin a gama tallace-tallacen finafinai masu zuwa, waɗanda kan ci minti ashirin ko fiye, na fahimci irin cinikin da na yi. Allon yana bisa kaina ne, ba a gabana ba. Gefensa na hagu ya yi mini kusa har ina ganin ɗigon hoton, na dama kuwa ya yi nisa ya tsuke, fuskokin 'yan wasa suka miƙe kamar an ja su. Idan mutum biyu suna magana, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, sai na juya wuya daga mai magana zuwa mai amsawa. Ana nuna fim da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma daga nesa ido yana haɗa su lami lafiya, amma daga inda nake, duk lokacin da kyamara ta zagaya da sauri sai hoton ya riƙa tsalle, komai ya cakuɗe. Fim ne mai yawan faɗa da gudu, na kusan awa uku.

Tabarau ɗin ya ƙara dagula lamarin. A nunin 3D hoto biyu ake jefawa a kan allo, ɗaya domin idon dama ɗaya domin na hagu, tabarau ne ke raba su, kuma a wajen rabawar nan fiye da rabin hasken yana salwanta. Idan fitilar majigin ba ta da ƙarfi, duk abin da aka ɗauka da dare ko a cikin duhu sai ya koma kamar ana leƙensa ta cikin hayaƙi, kuma kusan rabin wannan fim a duhu yake. Wanda ya zauna a gefe yana da ƙarin matsala, domin hoton ido ɗaya yakan zubo cikin na ɗayan, sai ka ga kowane abu da inuwarsa a gefe. Rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan allo sau biyu nake ganinsa. Daga baya ne na gano cewa ba ma da kyamarar 3D aka ɗauki fim ɗin ba, da kwamfuta aka mayar da shi bayan an gama ɗauka, kamar yadda ake yi wa mafi yawansu tun bayan da fim ɗin Avatar ya farfaɗo da kasuwar 3D a 2009. Wato na biya ƙari ne domin a rage mini haske a kan abin da ba don shi aka tsara hoton ba. Da na yi binciken minti biyar kafin in biya da na san wannan.

Duk wannan da na iya jurewa. Abin da ban iya mantawa ba ya faru ne a kusa da ƙarshe. Akwai wani ɗan lokaci da aka gina labarin shekaru domin a iso gare shi, kuma mai ba da umarni ya tsara shi ta yadda hankalin mai kallo zai tsaya a kan wanda ke hagu, alhali abin mamakin yana shigowa a hankali daga ƙarshen dama. Wanda ke tsakiyar zaure yana ganin duka biyun a kallo ɗaya, gefen idonsa ne zai fara kamawa kafin ya gane abin da yake gani. Ni kuwa fuskata tana hagu, daman allon yana wajen ganina. Sai kawai na ji zauren ya ɗauki ihu, wani a bayana ya kira sunan wanda ya shigo da ƙarfi, sannan na juya na gani. Kunnena ya riga idona. Na sayi wannan kujera ne domin kada kowa ya gaya mini, sai ga shi an gaya mini a cikin zauren, daƙiƙa biyu kafin in gani, kuma kujerar ce ta jawo. An gudu ba a tsira ba. Ban ga laifin wanda ya yi ihun ba, don abin da ya kawo mu ke nan gaba ɗaya, amma na fito daga zauren da ciwon wuya da ciwon kai, abokaina biyu suna ta murna, ni kuwa na kasa cewa komai.

Ranar Talata da hantsi na koma ni kaɗai. Na zaɓi babban zaure, nuni ba na 3D ba, na ƙirga sahu na zauna wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zauren daga allo, daidai tsakiya. Ba zaɓin son rai ba ne: a daidai nan masu daidaita sauti suke kafa na'urar awonsu idan suna saita lasifikokin zaure, saboda haka abin da kunne ke ji a wurin shi ne mafi kusa da abin da aka haɗa a ɗakin sauti. A zauren da ke da Dolby Atmos, tsarin sautin da aka fara amfani da shi a 2012 mai ɗauke da lasifikoki har a rufi, bambancin ya fi fitowa, domin a daren Alhamis lasifikar bangon hagu ce ta danne mini komai, ranar Talata kuwa na ji sauti yana ratsawa ta bisa kaina daga baya zuwa gaba. Mu goma sha wani abu ne a zauren. Na ga launuka da ban san suna cikin fim ɗin ba, na ga fuskoki yadda suke, na ga yadda aka tsara kowane hoto daga wannan gefe zuwa wancan. Da aka iso wancan wurin na ga shigowar tun daga farkonta, na yaba gwanintar wanda ya tsara ta, amma zuciyata ba ta buga ba, don na riga na sani. Ana iya maimaita kallon fim sau goma, amma kallon farko ɗaya ne, ni kuwa nawa a sahu na biyu na kashe shi.

Yayan namu ranar Laraba ya je, kwana shida bayan mu, kuma babu abin da ya ji kafin nan. Ba wani abin wahala ya yi ba. Ya sa sunan fim ɗin da sunayen taurarinsa cikin kalmomin da manhajojin sada zumunta za su ɓoye masa, ya daina buɗe YouTube gaba ɗaya saboda hotunan da ake liƙawa a fuskar bidiyo sun fi rubutu saurin tona asiri, ya ƙi karanta sharhin da mutane ke yi a ƙarƙashin kowane labari ko da bai shafi fim ba, sannan ya roƙe mu kada mu yi zancen a gabansa. Da ya fito ya kira ni yana ba ni labarin yadda gabansa ya faɗi a daidai wancan wurin, na taya shi murna da gaske, amma na ji zafin abin sabo. Tsoron da ya sa na karɓi mummunar kujera abu ne da ake iya tsarewa da ɗan haƙuri na kwana biyar ko shida. Mummunar kujera kuwa da zarar an kashe fitila babu abin da za ka iya yi mata.

Kada a ɗauka ina cewa a yi ta jira ne. Jinkiri ma yana da nasa tarkon, kuma na ga wanda ya faɗa ciki. Manyan zaurukan nan ƙalilan ne a kowane gidan sinima, wani lokaci ɗaya tak, kuma kamfanoni sun riga sun yi layi a kansu. Babban fim yakan riƙe irin wannan zaure mako biyu ko uku ne, da wani ya fito sai a mayar da shi ƙaramin ɗaki. Idan fim ɗin da kyamarar IMAX aka ɗauke shi, wato wadda aka tsara domin zauruka masu ƙaton allo, asarar ba ta girman allo kaɗai ba ce. Yawancin manyan finafinai ana nuna su da faɗin 2.39 a kan tsayi 1, allon IMAX na dijital kuwa 1.90 ne a kan 1, wasu tsirarun zauruka ma 1.43, wato akwai hoto a sama da ƙasa da ake yankewa a zauren da ba na IMAX ba. Wanda kuma ya ce zai jira ya gani a gida, jiransa ya ragu, tunda kafin 2020 kusan kwana 90 ake yi kafin fim ya bar sinima ya shiga gidaje, yanzu kuwa da yawa kwana 45 ne ko ƙasa da haka. Amma kafin wannan lokaci ya cika babu wata kalma da za ka ɓoye ta tsare ka, domin labarin ya zama abin da kowa ke ambata ba tare da tunanin akwai wanda bai gani ba. A ganina tazarar da ta dace tana tsakanin kwana na huɗu da na goma, a ranar aiki, lokacin da fim ɗin yana nan a babban zaure kuma cunkoso ya lafa.

Akwai ƙaramin abu da na raina shi ma ya taimaka wajen ɓata daren. Nunin ƙarfe tara na ɗauka bayan na wuni a wurin aiki, ban lissafa cewa talla da fim da ɗan abin da ake sakawa bayan jerin sunaye za su kai mu bayan sha biyun dare ba. Gajiyayyen ido a cikin tabarau mai duhu, wuya a ɗage, ba ya jin daɗin komai.

Har yanzu ban yanke ƙauna da daren farko ba, domin wancan tafin da ihun suna cikin abin da ke raba sinima da falon gida, kuma fim irin wannan domin taro aka yi shi. Abin da na sauya shi ne wanda nake fara dubawa. A da ranar nake zaɓa, sannan in karɓi duk kujerar da ta rage. Yanzu kujerar nake nema tukuna, duk ranar da na same ta cikin makon farko ita ce ranata, in ta faɗo daren Alhamis na gode, in ta faɗo Talata na ɓoye kalmomina na jira. Ina kuma duba yadda aka ɗauki fim kafin in yarda da tabarau, kuma sau da yawa amsar takan mayar da ni ga nuni mai cikakken haske.

Watanni bayan haka aka buɗe sayar da tikitin wani fim da mu huɗun muke jira. Cikin awa ɗaya na sayi kujeru huɗu a jere a tsakiyar babban zaure, sannan na aika musu da rana da lokaci, na ce wanda bai samu dama ba ya faɗa da wuri in ba wani. Babu wanda ya yi ƙorafi, dukkansu suka zo. Da muka shiga na hangi sahu na biyu ta hagu, akwai wani saurayi a kujerar da na taɓa zama, ya riga ya ɗaga kai yana neman inda zai jingina wuyansa tun ana talla. Na duba ko akwai gurbi kusa da mu in kira shi, amma zauren ya cika.