Darussan da na koya daga kasuwar tabar ɗumamawa a Japan

Abu na farko da aka koya mini ranar da na fara aiki a wani ƙaramin kanti a birnin Nagoya shi ne lambobin taba. A irin waɗannan kantuna da ba a rufewa dare da rana, waɗanda Japanawa ke kira konbini, akwai bango guda a bayan mai karɓar kuɗi da aka jere da kwalayen taba, kowane iri da lambarsa, kuma mai saye yakan faɗi lamba kawai ya miƙo kuɗi. Na isa ƙasar a 2022 domin karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma da yake doka ta yarje wa ɗalibi baƙo ya yi aiki har na awa 28 a mako, sai na riƙa tsayuwar dare a kantin domin cika kuɗin haya. Ban yi wata guda ba na lura cewa babban ɓangare na bangon nan gajerun kwalaye ne masu ɗauke da ƙananan karare waɗanda ba a kunna musu wuta. Ana cusa karan a cikin wata na'ura mai batir, ta ɗumama ganyen tabar zuwa zafin da bai wuce digiri 350 ba, alhali sigari kan ci wuta a sama da digiri 600, sai mai sha ya zuƙi tururi mai nikotin, babu toka. A harshensu sunanta kanetsushiki tabako, wato tabar da ake ɗumamawa. Daga wannan bango na samo batun da na rubuta kundina a kansa.

Tunanin da na shiga binciken da shi mai sauƙi ne, kuma a lokacin ina jin daɗinsa ƙwarai. Na ɗauka labarin fasaha ne: sabon abu mai inganci ya zo ya kori tsoho, kamar yadda wayar hannu ta kori wayar girke. Tarihin ma kamar yana goyon bayana. Kamfanin Philip Morris ya fara gwajin na'urarsa IQOS a Nagoya a watan Nuwamba na 2014, ya watsa ta a faɗin ƙasar a 2016. A wannan shekarar ce Japan Tobacco ya fito da Ploom TECH a Fukuoka, British American Tobacco kuma ya fito da glo a Sendai a watan Disamba. Kafin a cika shekara goma, tabar ɗumamawa ta kama kusan kashi 40 cikin ɗari na kasuwar taba a ƙasar. Na rubuta shafi takwas a kan haka na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya karanta a tsanake, ya ɗago kai ya yi mini tambaya guda: idan ingancin na'urar ne kaɗai, me ya sa ba ta yi irin wannan karɓuwa a Ingila ba, inda ake sayar da ita ita ma? Na ce masa, "Sensei, a ba ni mako guda." Sai da na yi uku.

Amsar tana cikin littafin doka, inda ban taɓa leƙawa ba domin ina ganin kasuwanci nake karanta. A Ingila da Amurka, mai son barin sigari ba tare da barin nikotin ba yana da sigarin lantarki mai ruwa, wanda yake da araha kuma iri-iri. A Japan ana ɗaukar ruwan da ke ɗauke da nikotin a matsayin magani, a ƙarƙashin dokar magunguna da na'urorin asibiti, don haka ba a sayar da shi a kanti. Ita kuwa tabar ɗumamawa, tun da ganyen taba ne na gaske a cikinta, sai ta faɗa ƙarƙashin dokar kasuwancin taba ta 1984, wadda Ma'aikatar Kuɗi ke kula da ita. Ke nan an rufe wa babbar kishiyarta ƙofa tun kafin ta iso, ta tarar da fili babu kowa. Akwai kuma wani abin da ya ba ni mamaki: Japan Tobacco ya samo asali ne daga hukumar gwamnati da ta mallaki cinikin taba da gishiri har zuwa 1985, kuma har yanzu doka ta wajabta wa gwamnati riƙe sama da kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa. Ma'aikatar da ke karɓar harajin taba ita ce ke amincewa da farashin kowane kwali, ita ce kuma ke karɓar ribar hannun jarin. Wanda bai san wannan ba zai yi ta zana jadawalin saye da sayarwa, yana bayanin inuwa ba tare da ya ga bishiyar ba. Tun daga lokacin, duk kasuwar da aka ba ni in nazarta, nakan fara tambayar abin da aka hana sayarwa a cikinta kafin in tambayi abin da ake saye.

Kuskurena na biyu ya fi wannan kunya, domin a gaban mutane na yi shi. Na shirya takardar tambayoyi ga masu shan tabar, kuma kusan rabin tambayoyin a kan lafiya suke: ko tsoron ciwon daji ne ya sa ka sauya, ko likita ne ya ba ka shawara, da makamantansu. Mutanen suka cika takardun cikin ladabi irin nasu, amsoshin kuma suka fito babu armashi. Wata abokiyar karatuna 'yar ƙasar ce ta ce in ajiye takardar in je in tsaya a wuraren da aka keɓe domin shan taba kusa da tashar jirgin ƙasa, in bar mutane su yi magana. A can na ji abin da takardata ba ta tambaya ba. Wani ya ce matarsa ta daina ƙorafin warin labule. Wani ya ce motar kamfani yake tuƙawa, kuma ba ya son wanda zai shiga bayansa ya ji wari. Wata mata ta ce gashinta da rigarta ba sa tona mata asiri a ofis. Kalmar da ta fi yawo a bakinsu ita ce meiwaku, wato damun wasu da takura musu, abin da ake horar da yaro tun yana ƙarami ya guje masa. Akwai ma laƙabin da ake yi wa magidantan da iyalinsu suka kora zuwa baranda su sha sigarinsu da dare, hotaru-zoku, ma'ana jama'ar ƙwaron nan mai walƙiya, saboda daga nesa jan wutar sigarin kawai ake hangowa a jikin dogayen gidaje. Ga irin wannan mutum, na'urar ta sayo masa izinin komawa cikin ɗaki ne. Lafiya tana zuwa a zancen, amma daga baya, kamar ƙarin da mai awo ke yi bayan an gama ciniki.

Dokokin wuraren shan taba sun ƙara wa wannan ƙarfi. Unguwar Chiyoda a Tokyo ta hana shan taba a kan titi tun 2002, tare da tarar yen 2,000, wasu garuruwa kuma suka bi sahu, ta yadda Japan ta fara takura shan taba a waje kafin ta takura shi a cikin gini, akasin yawancin ƙasashe. Da aka zo shirin gasar Olamfik ta Tokyo, majalisa ta gyara dokar inganta lafiya a 2018, gyaran ya fara aiki gaba ɗaya ranar 1 ga Afrilu 2020, aka hana shan taba a cikin ofisoshi da manyan gidajen abinci sai a ɗakin da aka ware. A nan akwai wani ɗan bambanci da ya fi duk wata talla tasiri. A ɗakin shan sigari ba a ci ba a sha, mutum zai tashi ya bar abokansa ya je ya tsaya shi kaɗai. A ɗakin da aka ware wa tabar ɗumamawa kuwa an yarda a ci abinci a sha abin sha. Ma'aikacin da ke fita cin abincin dare da abokan aiki bayan tashi daga ofis ba ya bukatar wani ya yi masa dogon bayani.

Akwai kuma sa'a, wadda littattafan kasuwanci ba sa son ambata. A ƙarshen Afrilu 2016 wani shirin barkwanci na talabijin mai suna Ametalk ya tara 'yan wasan da ke amfani da IQOS suka yi ta hira a kanta, washegari neman sunanta a intanet ya yi tashin gwauron zabo, na'urar ta yi wuyar samu tsawon watanni. Masanin lafiyar jama'a Takahiro Tabuchi, wanda ke aiki a Osaka a lokacin, da abokan aikinsa sun bibiyi wannan tashi a bincikensu.

Abin da tsayuwar kanti ta koya mini wanda aji bai koya mini ba shi ne inda ribar take. Na'urar ana yawan karya farashinta, wani lokaci har ta koma kusan kuɗin kwali biyu ko uku, musamman a ɓangaren glo da Ploom da ke neman kamo na gaba. Karan wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani, saboda haka wanda ya karɓi na'ura mai araha ya ɗaura wa kansa sayen kwalin kamfanin kullum. Da Philip Morris ya fito da sabuwar na'urarsa ILUMA a 2021, wadda ke ɗumama wani ɗan siririn ƙarfe da ke cikin karan ta hanyar maganaɗisu, ko tsofaffin karare na kamfanin kansa ba sa shiga, sai sababbi masu suna TEREA. A lokacin da nake aiki kwalin TEREA yen 580 ne, daidai da kwalin sigarin Mevius, daga baya aka kawo SENTIA a yen 530 domin mai ƙaramin ƙarfi. Farashin kara doka ta tsayar da shi, ba na iya rage wa kowa ko yen ɗaya, don haka duk gasar ta koma kan na'ura da ɗanɗano, musamman na na'ana'a, wanda Japanawa ke so ƙwarai. Ni da na taso ina ganin mai tebur yana sayar da sigari kara ɗaya-ɗaya, na daɗe kafin in gane cewa wannan ciniki ya fi kama da na layin waya, inda ake ba ka layi kusan kyauta domin ka yi ta sayen kati.

Darasin da ya fi ba ni wahala na alƙaluma ne, kuma shi ne ya kusa kayar da kundin. Sigarin da ake sayarwa a Japan ya kai ƙololuwa a 1996 da kara biliyan 348. A 2015 ya sauko zuwa biliyan 183, a 2020 kuma ya faɗi ƙasa da biliyan 100 a karo na farko cikin shekaru masu yawa. Kamfanonin suna son wannan jadawali, suna nuna shi a duk taron da suka je, kuma ba ƙarya ba ne. Na kwafe shi na rubuta a ƙarƙashinsa cewa tabar ɗumamawa ta rage shan taba a Japan. Malamina ya ja layi a kan jimlar da jan biro, ya rubuta a gefe: karare ka ƙidaya ko mutane? Da na koma kan binciken lafiya da abinci da gwamnati ke yi, wanda ke lissafa mai tabar ɗumamawa a cikin masu shan taba, sai na ga kashi 18.2 cikin ɗari na manya ne ke sha a 2015, kashi 16.7 a 2019, kashi 15.7 a 2023. Raguwa ce, amma irin wadda aka daɗe ana gani tun daga 1966, lokacin da kusan kashi 84 cikin ɗari na maza ke shan sigari. Cinikin sigari ya ragu da kusan rabi, masu shan taba sun ragu da maki biyu da rabi. Mafi yawan abin da ya faru sauyin kwali ne. Ni kaina shaida ne ga wani ɓangare na wannan, domin akwai masu zuwa kantin su faɗi lamba biyu, ɗaya ta sigari domin waje, ɗaya ta gajeren kwali domin gida da mota. Akwai kuma waɗanda idan ka tambaye su ko suna shan taba za su ce a'a da zuciya ɗaya, na'urar tana aljihunsu, abin da ke iya ɓata duk wani bincike da ba a tsara tambayarsa da kyau ba.

A kan batun illa, na koyi karanta kalma ɗaya-ɗaya. A Yulin 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a tallata IQOS da cewa wanda ya koma kanta gaba ɗaya yana rage shaƙar wasu sinadarai masu cutarwa, amma ta ƙi yarda a ce tana rage haɗarin kamuwa da cuta, domin hujjar hakan ba ta cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ta a matsayin taba kamar kowace taba. Cututtukan da sigari ke jawowa sukan ɗauki shekara ashirin ko talatin kafin su bayyana, wannan kaya kuwa bai daɗe da cika shekara goma a kasuwa ba, kuma kaso mai yawa na binciken farko kamfanonin ne suka ɗauki nauyinsa. Wannan bai sa binciken ya zama ƙarya ba, sai dai ya sa na ƙara shafi a jadawalina inda nake rubuta wanda ya biya kuɗin kowane bincike. Hukumar kare masu saye ta Japan ma ta yi gargaɗi a kan wata matsala da ba ta cikin lissafin kowa da farko, wato jarirai da ke haɗiye gajerun kararen da aka yar, wasunsu da ɗan ƙarfen nan a ciki.

Haraji ne na bari a ƙarshen kundin. Da farko ana lissafa harajin tabar ɗumamawa bisa nauyin ganye, kuma da yake ganyen da ke cikinta kaɗan ne, harajinta ya yi ƙasa da na sigari alhali farashinsu a kanti kusan ɗaya ne, bambancin yana tafiya aljihun kamfani. A Oktoban 2018 aka ware mata rukuni na kanta, aka riƙa ƙara harajin mataki-mataki har zuwa 2022, daga baya kuma gwamnati ta yanke shawarar daidaita shi da na sigari a 2026 domin samun kuɗin tsaro. A zaman kare kundin, ɗaya daga cikin malaman ya tambaye ni ko masu sha za su koma sigari idan gajeren kwalin ya fi tsada. Na ce masa bisa abin da na ji a bakin tashar jirgi, wanda matarsa ta bar shi ya dawo cikin ɗaki da wuya ya koma baranda saboda yen arba'in ko hamsin, ya fi kusa ya sauka daga TEREA zuwa SENTIA, ko ya karɓi na'urar wani kamfani da aka karya wa farashi. Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce in cire kalmar "nasara" daga taken babi na huɗu.