Lemo, Tocila da Ranar da Ba Ta Faɗuwa

A makon jiya na gaya wa ɗalibaina na aji biyar na firamare cewa a arewacin ƙasar Norwe akwai wani gari mai suna Tromso, inda rana ba ta faɗuwa tun daga wajen 20 ga Mayu har zuwa ƙarshe-ƙarshen Yuli, sannan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta ɓullowa ko kaɗan. Ajin ya yi tsit, can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to yaushe suke shan ruwa da azumi?" Na fahimci mamakinsu, domin yaron da ya tashi a Kano, inda tsawon yini yake kaiwa da komowa tsakanin awa 11 da rabi da kusan awa 13 duk shekara, dole ne ya ɗauki wannan magana tamkar tatsuniya.

Na daɗe da gane cewa bayanin baki ba ya warware wannan darasi, sai yara sun gani da idonsu. Saboda haka na soke lemo da tsinken tsire, na ɗiga masa tawada kusa da tsakiya a matsayin Kano, da wani ɗigon kusa da sama a matsayin Tromso, muka rufe tagogi, wani yaro ya tsaya a tsakiyar aji riƙe da tocila. Na karkata tsinken kaɗan, kwatankwacin digiri 23 da rabi da duniya take a karkace, na riƙa murza lemon ina zagaya tocilar. Abin da ya fi wuya shi ne kada tsinken ya sauya inda ya dosa, don haka muka zaɓi kusurwar da allo yake, muka ce nan zai riƙa nunawa har a gama zagaye. A ɓangare ɗaya na ɗakin, duk yadda na murza lemon, ɗigon Tromso bai fita daga haske ba; da na isa ɗaya ɓangaren kuwa, bai fita daga duhu ba, alhali ɗigon Kano yana ta shiga yana fita abinsa.

A nan ne na gyara kuskuren da har manya suke yi, wato zaton cewa kusantar rana ce take kawo lokacin zafi. A farkon Janairu, lokacin da muke fama da hunturu, duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a Yuli kuma kimanin miliyan 152.

Washegari a darasin karatu da rubutu na sa kowa ya rubuta wasiƙa kamar yana zaune a Tromso cikin Disamba, yana ba kakarsa labarin tafiya makaranta cikin duhu. Yarinyar nan kuwa na ba ta amsarta, cewa malamai sun yi fatawa a irin wannan hali a bi lokacin Makka ko na gari mafi kusa da yake da dare da yini, kuma a kan haka ta gina tata wasiƙar.