Bargo nawa za mu ɗauka?

Sana'ata ita ce kai ɗalibai da ƙananan ƙungiyoyi yawon buɗe ido kan duwatsu. Shagona yana Samaru a Zariya, kuma jarin bai taka kara ya karya ba: tantuna goma sha biyu, barguna, tukwane, murhun gas biyu, sai bas da nake ɗauka haya. Yara uku ke min aiki. Kufena da ke nan gefen gari ba ya buƙatar wani shiri, a hau da safe a sauko kafin azahar. Inda ake jin jiki shi ne Shere a Jos, da Mambila, da Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

Kafin kowace tafiya tambaya ɗaya ke hana ni barci: bargo nawa za mu ɗauka? Duk ƙullin bargon da ya shiga bas ya cinye kujerar mutum ɗaya, kujera kuwa kuɗi ce.

A tafiyata ta biyu zuwa Shere, cikin Disamba, na shirya kaya kamar za mu kwana a Zariya. Wajen ƙarfe uku na dare na ji haƙoran wata ɗaliba suna karo daga tantin da ke kusa da nawa. Muka dafa shayi sau uku, na cire rigar sanyina na ba ta, ni kuma na kwana a tsugune gaban murhu. Da muka dawo na ba wani abokin cinikina labari, malami ne a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta nan Zariya. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai kai ka ja wa kanka, ba ka yi lissafi ba." Ya juya bayan rasit ya rubuta min: duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Su matuƙa sun haddace shi a digiri biyu kan kowace ƙafa 1,000. Dalili kuwa, iska in ta yi sama nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, buɗewar nan ce ke sanyaya ta.

Har yau rasit ɗin yana manne a bangon shago. Zariya tana kan mita 650 da 'yan kai, kan Shere ya haura 1,800. Tazara kusan mita 1,200 ke nan, wato digiri takwas. In ma'aunin zafina ya nuna 14 da asuba a Samaru, can sama sai in sa ran shida. Na Chappal Waddi tazarar ta kusa mita 1,800, ragin ya doshi digiri 12. Bargo biyu kowane mutum, da hula da safa, wanda bai zo da su ba in aika yaro Sabon Gari ya sayo masa na gwanjo, in ɗora a kan kuɗinsa.

Sai dai 6.5 ɗin nan tsaka-tsaki ne. Da rana in iska ta bushe ƙayau, ragin kan kai kusan digiri 10, in akwai gajimare da danshi yakan yi ƙasa da shida. Kuma lissafin bai san da iska mai kaɗawa ba, ita ce ke ratsa riga ta shiga ƙashi.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na Mambila. Na ce wa yarana mu sauka kwari mu kafa tanti, tunda ƙasa ta fi ɗumi. Ashe daren da sama ta washe kuma babu iska, sanyi gangarowa yake kamar ruwa ya taru a kwari. Muka tashi tantuna sharkaf da raɓa, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Wani Bafulatani da rugarsa ke kan gangare ya sauko da ƙwaryar nono, ya dube mu ya ce, "Sannunku da ƙoƙari. Ko shanu ba ma kwantarwa a nan."

Tun daga ranar, lissafi na yi shi a shago, amma wurin kafa tanti sai na tambayi mai ruga. Sati mai zuwa muna da mutum goma sha takwas zuwa Shere, barguna 36, kuma har yanzu direba yana min ƙorafin kaya.