Wardin da ke jikin katangata

Tun da na dasa wardi mai yaɗo a jikin katangar gidana, na lura cewa ba ya hawa da kansa kamar yadda soso ko duma ke yi, domin ba shi da zaren da zai kama abu. Dole mutum ya riƙa ɗaure rassansa, kuma idan aka kwantar da su a kwance maimakon a bar su su miƙe tsaye, sai furanni su fito tun daga gindin reshe har ƙarshensa.

A wurinmu zafin bazara ne babban abokin gabarsa. Shi ya sa na zaɓa masa ɓangaren gabas, inda yake samun hantsi, katanga kuma ta kare shi daga ranar la'asar. Ina ba shi ruwa sosai da sassafe a gindinsa, ba a kan ganye ba, saboda jiƙaƙƙen ganye ne ke kawo baƙin tabo, musamman da damina. Takin shanu kuwa sai wanda ya ruɓe sarai, don ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma janyo gara. A ganina furen hunturu ya fi na kowane lokaci girma da ƙamshi.