Kowane gida da almajirinsa

Na yi shekaru ina jin muryarsu a ƙofar gida bayan sallar magariba, "Iya ko ɗan ƙanzo," ina miƙa wa yarana ragowar tuwo su kai musu, amma ban taɓa sanin sunan ko ɗayansu ba. Makarantar allon tana ƙarshen layinmu, a wata unguwa cikin Kano, zaure ɗaya da rumfar kwano. Sai a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, layin ya yi tsit. A makonnin nan ne na lura da yawan abincin da muke zubarwa idan babu mai zuwa karɓa, na kuma kama kaina ina tunanin inda aka kai yaran da ban ma iya siffanta fuskokinsu ba.

Ba a jima ba suka dawo, kamar yadda kowa ya san za su dawo. Da hunturu ya shigo, wani dare na fita da kaina saboda yaran sun yi barci. Na tarar da ƙaramin yaro, bai wuce shekara bakwai ba, ya ajiye robarsa a ƙasa yana sosa hannuwa da ƙarfi, tsakanin yatsunsa duk ya fashe. Na tambaye shi sunansa, ya faɗa mini. Na ce daga ina, ya ce wani ƙauye a wajen Gumel. Na ce ya zauna a soro ya ci a nan, kuma gobe idan ya zo kada ya yi bara, sallama kawai zai yi, kwanonsa na jiransa.

Kwana uku ina wannan, sai wani lissafi ya faɗo mini. Almajiran malam ba su kai hamsin ba, gidajen layinmu da na bayanmu kuwa sun fi haka. Idan kowane gida ya riƙi yaro ɗaya, ba wanda zai yi yawon dare. Kuma ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Mahaifiyata tana da almajirinta, yana ce mata uwar ɗaki, yana ɗebo mata ruwa, ita kuma cinsa da sabulunsa da maganinsa duk a wuyanta suke, har ya yi sauka ya yi aure yana zuwa gaishe ta. Abin da ya canza shi ne yaran sun yi yawa, gidaje sun koma masu get da kwaɗo, kowa na zargin kowa.

Na yi magana da maƙwabta shida, duk suka amince, kowacce ta zaɓi yaro. Ba a yi mako ba yaran suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, har nawa. Ashe malam ne ya hana su. Da farko raina ya ɓaci, amma da na shiga wajen uwargidansa muka zauna, sai na ga laifina ƙarara. Iyayen yaran nan a hannunsa suka danƙa amana, ni kuma na tsallake shi kamar ba ya nan. Ta ce mini ba tun yau ake zuwa musu da alkawari ba, a rubuta sunaye, a ɗauki hotuna, a tafi ba a sake dawowa. Ga shi a farkon shekarar gwamnatin jiha ta sanar da hana bara a tituna, don haka duk wanda ya fara tattara yara, malam gani yake wata hanya ce ta watsa masa makaranta. Sannan yana da wani tsoro da ban yi tunaninsa ba: ya sha ganin yaron da ya samu uwar ɗaki ya koma ɗan aike, a ɗora masa talla, allo ya bushe.

Maigidana da limamin masallacinmu suka je suka same shi. Suka ce, "Allah ya gafarta malam, kuskure aka yi, kai ne uban yaran nan, yadda ka tsara haka za a bi." Sharuɗɗan da ya gindaya sun fi tsarina hankali nesa ba kusa ba. Shi zai raba yaran, saboda shi ya san mai fitsarin kwance da mai ƙiwa da wanda bai kamata a raba shi da wansa ba. Za a fara da kolaye, ƙananan ke nan, don gardawa suna samun na kansu ta wankin hula da yankan farce da dako. Ba a kiran yaro lokacin karatu, ba talla, ba aike mai nisa. Da kunyarsa da komai ya ƙara da cewa a riƙa tuna gidansa shi ma, domin kuɗin Laraba da iyaye ya kamata su riƙa aikowa, mafi yawansu sun manta da shi.

Sai maganar ƙazwa, wadda ta fi komai koya mini darasi. Na sayo magani na shafa wa yarona, ya warke sarai, bayan mako uku ta dawo kamar ba a yi ba. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta warware mini. Ta ce ƙazwa ba ƙazanta kawai ba ce kamar yadda muke ɗauka, wani mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana shiga ƙarƙashin fata ya yi ƙwai, ƙaiƙayin kuma yana tsananta da dare. Yara arba'in da ke kwana jiki da jiki a kan tabarma guda, in ka yi wa ɗaya magani, sauran za su mayar masa. Dole a yi wa kowa rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba, a sake yi bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Ta ce ƙwaron ba ya wuce kamar kwana uku a raye idan ya rabu da jikin mutum, don haka abin da ba zai wanku da ruwan zafi ba, a ƙulle shi a leda a ajiye gefe na mako.

Nan muka ci karo da abin da ba mu hango ba. Yawancin yaran riga ɗaya gare su, to idan aka wanke ta me za su sa? Sai muka ɗage aikin mako biyu, matan layi suka yi karo-karo daga kuɗin adashi, aka je Ƙofar Wambai aka auno gwanjo, kowane yaro riga da wando. Muka sa ranar Alhamis, tunda babu karatu. Tun da asuba muka hura wuta a ƙarƙashin manyan tukwanen biki, samari na jigilar ruwan zafi, aka fito da tabarmi aka baza a rana. Mu mata muka tsaya a wanki, maza da gardawa suka yi wa yaran wanka suka shafa musu maganin benzyl benzoate daga wuya zuwa tafin ƙafa, yadda ma'aikaciyar jinyar ta nuna. Maganin yana da raɗaɗi a inda fata ta fashe, ƙananan suka yi ta kuka, malam da kansa yana rarrashi. Ta gargaɗe mu tun farko cewa ƙaiƙayi zai iya ci gaba har makonni bayan ƙwaron ya mutu, kada mu ce magani bai yi ba. Da ba ta faɗa ba, da mun karaya. Masu makero a ka kuwa ta ce nasu daban ne, sai an kai su asibiti.

A ranar ne wani matashi, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki hotuna ya sa a Facebook. Taimako ya shigo, ban musa ba. Amma hoton ya zagaya har ya kai wayar wani ɗan ƙauyen ɗaya daga cikin yaran, uban ya ga ɗansa ba riga, jiki duk ƙuraje, mutane na tofa albarkacin bakinsu a kan irin iyayen da ke jefar da 'ya'yansu. Ya yi tattaki ya zo, bai yi faɗa ba, ya ce kawai da an tambaye shi. Tun daga nan muka yanke ba hoto, ko da kuwa za a rasa gudummawa.

Shekarar 2023 ce ta gwada mu. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kwanon masara da na shinkafa suka yi tashin gwauron zabo, gidajen da ke dafa sau uku suka koma biyu. Ba wadda ta fito ta ce ta gaza. Sai dai yaro ya je a ce yau ba a gama ba, gobe ma haka, shi kuma ya koma bara a ɓoye. Da na gane, ban kira taro ba, don na san ba macen da za ta faɗi babunta a gaban kishiyoyi da maƙwabta. Na bi su ɗaya-ɗaya. Inda nauyi ya yi yawa muka haɗa gida biyu a kan yaro guda, wannan rana, wancan dare. Da kaka ta yi, masu ɗan hali suka haɗa kuɗi aka sayo buhunan gero da masara a Dawanau tun suna da sauƙi, muka riƙa aika wa gidajen da ke cikin matsi da dare, ba da sunan sadaka ba, da sunan rabon almajirinsu. Wata gwauruwa mai 'ya'ya biyar ta ƙi yarda a ɗauke mata nata. Ta ce ko koko ne za su sha tare, ya riga ya zama ɗan gida.

Ba na ruɗin kaina cewa mun magance almajiranci. A 2023 ɗin dai aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ta ƙasa, kuma ina fata ta yi aiki, domin abin ya fi ƙarfin layi ɗaya. Ra'ayina kuma bai canza ba: yaro ɗan shekara bakwai wurin uwarsa ya kamata ya kwana. Abin da ya ƙara tabbatar mini da haka shi ne kiran waya. Na samo lambar wani mai shago a ƙauyensu, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kai wa mahaifiyar yaron wayar. Ranar farko da ya ji muryarta kasa magana ya yi, ya riƙe wayar da hannu biyu yana hawaye, ita ma ina jiyo shesshekarta. Wata goma sha ɗaya rabonsu da jin juna.

Wannan wayar ce ta kawo mini abin da ya fi tayar mini da hankali. Da damina ta ƙare, uban ya ce tunda yanzu akwai abinci a Kano, zai turo ƙaninsa mai shekara biyar. Na kwana ban runtsa ba, ina tunanin ko tuwon da muke bayarwa ne zai raba wani yaron da uwarsa. Washegari na aika wa malam ta bakin uwargidansa, shi ma ya ce ya gaji da karɓar yaran da ba su iya wanke jikinsu ba. Shi ya kira uban da kansa, malami da uba, ya ce ƙaramin ya fara a makarantar allon ƙauyensu, yana kwana a ɗakin uwarsa, in ya yi wayo a sake magana. Uban ya yi jim, ya ce to.

Da yarona ya dawo daga hutun sallah, ya shigo soro da ƙulli a hannu, daddawa ce da garin kuka, in ji mahaifiyarsa. Ta ce a gaya mini ƙaramin yana gida, ya kai Tabbat yada.