Na goge sunaye, Kawu ya karanto su

Shekara biyu ke nan ina riƙe wa Kawu lissafinsa a kwamfuta. Dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, tun ba a haife ni ba yake can: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa. Ni kuwa rubuta manhaja nake yi a Yaba, a Agege nake kwana, sai ranar Asabar nake samun leƙa shi. Abin da na haɗa masa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Yaronsa ke shigar da komai ta waya: mota ta iso ranar kaza daga gari kaza, kwando nawa aka sauke, wa ya ɗauka, nawa ya biya, nawa ake bin sa. Da can a littafi ake rubutawa, littafin kuwa ya sha wanka da ruwan tumatir.

Watan jiya wata ɗaliba mai digiri na biyu ta same ni ta hannun abokin aikina. Bincike take yi kan hawa da saukar farashin kayan gwari tsakanin Arewa da Legas, tana neman lissafin gaske daga cikin kasuwa. Na ce ba damuwa, zan goge sunaye da lambobin waya in ba ta. Na goge, kowane mai ciniki na sa masa lamba a madadin suna. Da yake dukiyar Kawu ce, na buga shafi uku a takarda na kai masa neman izini, zuciyata sakayau.

Ya sa tabarau yana bin layi da yatsa. Bai kai layi na goma ba ya tsaya.

"Wannan mai lamba 14 ai Hajiyar nan ce ta Ketu. Ita kaɗai ke ɗaukar tattasai kwando 12 duk Talata, ba ta taɓa albasa." Ya gangara ƙasa. "Wannan kuma Alhaji wane ne. Duba, tun bayan ƙaramar salla bai cika kuɗi ba. Ɗana, wannan takardar za ka miƙa wa baƙuwa?"

Na ce, "Kawu, ai babu suna a ciki."

Ya ce, "Raƙumi sai an rataya masa suna a wuya ake gane shi?"

Kunya ta kama ni, ba don komai ba sai don na san wannan magana tun ina makaranta, na ma rubuta jarrabawa a kanta. A 1997 Latanya Sweeney tana ɗaliba a jami'ar MIT a Amurka. Wata hukumar inshora ta jihar Masacusets ta saki bayanan zuwa asibiti na ma'aikatan gwamnati don amfanin masu bincike, an goge sunaye da adireshi, an bar ranar haihuwa da jinsi da lambar yanki ta gidan waya. Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Kambirij da ke jihar, mai ɗauke da sunaye tare da waɗannan abubuwa uku, kan dala 20, ta jera takardun biyu gefe da gefe. Mutum 6 ne a birnin suke da ranar haihuwa ɗaya da gwamnan jihar, William Weld. Uku daga ciki maza ne, ɗaya tak ke zaune a yankin da gwamnan yake, wato shi kansa. Ga bayanan asibitin gwamna a hannun ɗaliba. Daga baya ta ƙiyasta cewa waɗannan abubuwa uku sun isa a ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya-ɗaya. Wani mai bincike, Philippe Golle, ya sake lissafin a 2006 da sabuwar ƙidaya ya samu kashi 63. Ko wanne ka ɗauka, ya wuce rabi.

Irin haka ta faru da Netflix, kamfanin fina-finai na Amurka. A 2006 kamfanin ya saki ra'ayoyi sama da miliyan 100 na masu kallon fina-finansa, ba suna, ya sa gasar dala miliyan 1 a kansu. Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov na jami'ar Tekzas suka gwama su da abin da mutane ke rubutawa a fili a shafin fina-finai na IMDb, suka gano wasu daga cikin masu kallon.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da Yves-Alexandre de Montjoye da abokansa suka fitar a 2013. Sun duba zirga-zirgar masu waya miliyan 1.5 na tsawon wata 15, ba suna, abin da ke akwai kawai shi ne ƙarfen sabis ɗin da waya ta kama da kuma sa'ar da ta kama. Wuri huɗu da lokacinsu sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen. Na gwada a kaina ina cikin danfo, motar hayar Legas: Agege da asuba, Yaba ƙarfe tara, masallacin da nake Juma'a, Mile 12 ranar Asabar. Duk cikar Legas da batsewarta, mutum nawa ne ke taka waɗannan wurare huɗu a waɗannan lokuta? Ga shi kuma tun ƙarshen 2020 aka umarce mu da mu haɗa layukanmu da lambar NIN.

Abin da Sweeney ta yi da rajistar zaɓe shi Kawu ya yi da kansa. Takarda ta biyun tana cikin ƙwaƙwalwarsa, kuma ba shi kaɗai ba: 'yan dako sun sani, direbobi sun sani, mai shayin bakin layi ma ya sani. A kasuwa kuwa bashi maganar rufin asiri ce. Ranar da aka ji Alhaji wane ya kasa cika kuɗi, ranar za a daina sauke masa kaya sai da kuɗi hannu, daga nan kuma sai ya karye da gaske. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, amma in maganar ta riga ta zaga rumfuna, ban ga hukuncin da zai mayar wa mutum da amincin da aka janye ba.

Masana ba su tsaya a nuna ɓaraka ba, sun nemi magani. Kawu ya ce in faɗa masa maganin da Hausa, ban da turancin 'yan Yaba. Akwai goro a gabansa, sai na yi da shi. Na ce a ce ana son sanin 'yan kasuwa nawa ne ake bi bashin da ya wuce wata uku, alhali ba mai yarda ya faɗa. Sai a zuba goro a jaka, rabi fari rabi ja. Kowa ya zura hannu ya ɗauki ɗaya, ya duba shi kaɗai, ya mayar. In fari ya samu ya faɗi gaskiya, in ja ne ya ce "e" ko ba a bin sa ko sisi. Duk wanda ya ce "e" yana da mafaka, wataƙila jan goro ya ɗauka. Amma in an tambayi mutum 1,000 aka samu "e" 600, an san kusan 500 na jan goro ne, saura 100 daga cikin 500 masu faɗin gaskiya, wato wajen ɗaya cikin biyar. An san halin kasuwa, ba a san halin kowa ba.

Tushen dabarar tsoho ne, Stanley Warner ya kawo shi a 1965. A 2006 Cynthia Dwork da abokan aikinta uku suka gina masa ma'auni na lissafi: a zuba ruɗani daidai gwargwado cikin amsa, ta yadda ko bayananka suna ciki ko ba sa ciki, abin da zai fito kusan ɗaya ne. Da wannan hanya Amurka ta kare alƙaluman ƙidayarta ta 2020, kuma masu hulɗa da alƙaluman ƙananan garuruwa sun yi ta ƙorafi cewa ruɗanin ya taɓa nasu lissafin.

Kawu ya ɓare goron ya ce, "To in mutanen 40 ne fa, kamar nawa?"

Nan ya kama ni. Da mutum 40 ruɗanin goro sai ya rinjayi gaskiyar, amsar ta zama ba ta da amfani. In ka rage ruɗanin kuma Hajiyar Ketu ta sake bayyana. Dabarar tana son taro mai yawa, rumfar dillali ɗaya ba taro ba ce.

Abin da na aika wa ɗalibar a ƙarshe shi ne matsakaicin farashin kwando na kowane mako da jimillar kayan da aka sauke. Na cire masu saye baki ɗaya, na cire bashi, na haɗe garuruwan da kaya ke fitowa zuwa jihohi. Ta rubuto mini cikin ladabi cewa rabin tambayoyin bincikenta ba za su amsu da wannan ba, kuma gaskiyarta. Ta tambaya ko za a iya ƙara mata ranakun mako. Na ce sai na tambayi Kawu ranar Asabar.

Shafuka ukun nan kuwa bai mayar mini ba. Ya ninke su ya sa a aljihun 'yar-shara, ya ce wa yaronsa ya kira masa Alhaji wane, amma ba a gaban mutane ba.