Ƙyallayen ɗinki sun cinye min ɗaki

Duk mai haɗa zanin gado da guntayen atamfa ta san wannan ciwon, ba ka iya yar da ko ɗan ƙyalle, kullum sai ka ce zai yi amfani. Turmi yadi 6 ne, an ɗinka riga da zani ragowar sai cikin Ghana-must-go, ga na Kantin Kwari da na sayo don kala ta burge ni, har jakunkunan suka tare min hanyar keken ɗinki.

Na zazzage su duka a tabarma. Atamfar auduga na ware daban don ita ce ke ɗinkuwa lafiya ta sha guga, leshi da material masu santsi na bai wa 'yan koyo, shadda kuwa sai na jiƙa ta tukuna saboda wata tana zuba, in ta haɗu da fari ta ɓata maka aikin wata guda wallahi.

Na ninke kowanne kala-kala cikin roba mai murfi, na ɗaga daga ƙasa saboda danshin damina da gara. Zare, allura, maɓalli da alli suna gwangwanin alawa. Ƙananan da ba su kai tafin hannu ba na cusa filo da su.